Na ce wa Inna yayana ya makara

Shekaru masu yawa baya, shekarar da damina ta ƙi, rumbunanmu a Kona suka zama fayau tun kafin sanyi ya shigo. Yayana ya tafi cin rani Najeriya, ya samu aiki a gidan burodin wani ɗan kudu. Ya bar ni da mahaifiyata, ya ce zai dawo da masara. Bai daɗe da tafiya ba sojojin can suka rufe iyaka. Labari ya yanke.

Ni kuwa shekara uku na yi a kolej ɗin Tasawa kafin a sallame ni, amma gani nake duk garin babu mai ilimina. Ingilishina bai wuce na gaisuwa ba, sai dai in ka ji ina cika baki ka ce a Legas aka haife ni.

Wata ranar kasuwa wani ɗan fasa-ƙwauri ya kawo mana wasiƙa. Maigidan yayana ne ya rubuto, da Ingilishi. Ta sha hannu, zufa ta cinye rabin rubutun. Abin da ya fito tsaf shi ne: "Your son is late."

"Mi aka ce?" in ji Inna.

Kalmar ai na san ta. Mushe, malaminmu na Ingilishi, ya sha jifanmu da ita in mun iso aji bayan an kaɗa ƙararrawa. Late, wato en retard da Faransanci.

"Inna, cewa aka yi ya makara. Zai yi jinkiri, amma yana nan tafe."

Ta ɗaga hannuwa sama. "Na gode wa Ubangiji. Iyakar ce ta tsare shi."

Yunwa ta yi tsanani, mutane suka fara watsewa. Ƙanwar Inna ta zo ta ce mu bi ta Maradi, ana rabon abinci. Inna ta ƙi. "In ya zo ya iske gida a rufe fa?" Muka zauna muna jiƙa anza, ƙwayar wani itacen daji, muna cin ta da ɗacinta. Akwai tiya ɗaya ta gero da ta ɓoye a tukunya, ta hana a taɓa, wai furar tarbarsa ce. Ina kallo zanenta ya fara zagaye ta sau biyu.

Wata uku muka yi haka. Sai wani tsohon fasto da ya yi karatu a Najeriya ya zo majami'armu. Bayan sujada na kai masa wasiƙar, ba don shakka ba, don ya ga na iya. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni.

"Ɗana, wa ya fassara maku wannan?"

"Ni ne, Baba."

"In an ce mota ta yi late, makara ce. In an ce mutum ya zo taro late, makara ce. Amma mutanen can in suka ce wane is late, suka yi shiru, to rasuwa suke nufi."

Shi ya raka ni gida, ya bayyana abin da wasiƙar ke nufi. Inna ta saurare shi har ya gama. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Kai ma ba ka sani ba." Sai ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar, ta ce in kai wa maƙwabta masu yara.

Ba ta ga damina ta gaba ba. Ba mu taɓa sanin ciwon da ya kashe yayana ba, ko garin da kabarinsa yake.

Yau in aka miƙo mani takarda, ko ta Hausa ce, sai na karanta sau uku, kuma na koyi cewa "ban sani ba". Amma hakan bai dawo da kowa ba. Da Inna ta zage ni ran nan, ina jin da tuni na warke. Yafewar da ta yi mani tun kafin in roƙa, ita ce har yanzu na kasa ɗauka.