Tatsuniyar da Kaka Ta Ƙi Rufewa

Shekarar da babana ya karye a ƙafa ya daina tura keken alhazai, a soron Kaka muke cin tuwon dare a unguwar Jarwal, can ƙasa mai tsarki. Bayan isha'i takan hura gawayi a kasko, ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Kowace tatsuniya takan rufe ta da kan ɓera. Guda ɗaya ce ta ƙi rufewa.

Wai akwai wani ƙaramin gari a gindin tuddai, can ƙasar Bangala. Mutanen tudun addinin Buda suke bi, limamansu na aske kai su yafa rawayan mayafi, ɗakunansu na gora a kan dirkoki. Cikinsu akwai wata tsohuwa mai ajiye randa biyu a bakin hanya. Kullum da asuba takan cika su don masu wucewa, ba ta tambayar kowa abin da yake bauta wa. Wata rana ta tsinci marainiya 'yar Musulmi tana kuka a gindin randunan, ta goya ta, ta raine ta, ba ta taɓa sa mata abin da addininta ya hana a baki ba.

Yayana Sani ya tuntsire da dariya. "Kaka, mai gunki ce fa!"

Kaka ta ce, "Ya walad, kai yaro! Ruwan nata ma gunki ne? Kai da ko kofi ba ka iya miƙa wa ubanka."

Kowane dare garin na ƙara girma a bakin Kaka. Aka yi kwalta, kasuwa ta hau tudu, baƙi suka shinge gonaki. Ni dai abu ɗaya nake tambaya: za a bar wa tsohuwa ɗakinta? Sai Kaka ta ce, "Ban ji ba tukuna." Na ɗauka rowa take mana.

Wata la'asar na tarar da maƙwabciyarmu Hala Nuru, mutuniyar Bangala mai ɗinka mana kaya, ta kifa kai a cinyar Kaka tana kuka. Ashe ita ce marainiyar. Saƙo ya zo mata cewa an rushe ɗakin tsohuwar an yi shaguna, kuma ɗan baffan ita Hala ne ya saye filin. Tsohuwa ta bi danginta cikin daji, ba wanda ya san inda ta nufa. Hala ba ta iya yin wannan kukan gaban mutanenta, sai gaban Kaka, cikin guntun Larabcin da ya haɗa su.

Daren nan muka taru, na yi tambayata. Kaka ta daɗe tana tona toka.

"Halas, shi ke nan, ku je ku kwanta."

Sai da aka rushe layinmu aka gina otal, muka watse, wasu unguwar Mansur wasu Jidda, na gane ba don nishaɗi take ba mu labarin ba. So take a samu masu jin zafin baƙuwar da ba za su taɓa gani ba. Yanzu da furfura nake koyon rubutu, na zauna in rubuta shi, sai na ga ba wanda zan tambaya.

Abin da na rasa huɗu ne: Kaka, Hala Nuru, soron da muke zama, da sunan tsohuwar, wanda ban taɓa tambaya ba.