Malam Yaushe da Bayan Takarda

A shekarar 1971 na fara ganinsa, ranar Litinin ta biyu a watan Janairu. Ina riƙe da ranar domin ni ne akawun kwalejin horon malamai a lokacin, kuma da hannuna na rubuta ta a saman fom ɗinsa. Kwalejin tana neman mai gyare-gyare: famfo, ƙofa, kwaɗo, kujera, duk abin da ya lalace. Sharaɗi ɗaya Shugaba ya kafa, cewa dole mutum ya iya karatu da rubutu. Mutum shida suka zo. Na raba musu fom a barandar ofis, biyar suka duƙufa. Na shidan, wani siriri mai faffaɗan tafin hannu, ya riƙe nasa yana dubawa a natse kamar alƙali. Da na matso sai na ga ƙasan takardar ne a sama.

Ban ce komai ba. Na miƙa hannu kamar zan ba shi biro, na juya masa takardar. Daga baya na kira shi ciki, na yi masa tambayoyin da baki, na cike masa. Ni da aka rena a makarantar mishan, inda makarar minti biyu take sa a rubuta sunan mutum, ban san abin da ya hau kaina ba. Wataƙila don na ga, yana jiran layi, ya ciro ƙusa daga aljihu ya gyara mariƙin tagar da ta shekara tana damuna. Ya koyi zana sa hannunsa, muka rufe maganar.

Ba a yi wata uku ba sunansa na gaskiya ya ɓace. Duk wanda ya kai masa ƙara, ba ya tambayar me ya lalace. Tambayarsa ɗaya ce: "Yaushe ne ba ya yin haka?" Kuku ya zo yana faɗa, famfon kicin ba ya kawo ruwa, sau biyu an canza masa kai.

"Yaushe ne ba ya yin haka?"

"Ran Lahadi. To sai me? Famfo ma hutu yake so?"

Ran Lahadi masu wanki ba sa aiki, kuma bututu ɗaya suke sha da kicin. Bai taɓa famfon ba, ɗakin wanki ya nufa. Tun daga nan kowa yake kiransa Malam Yaushe.

Ya taɓa ce mini, "Akawu, mutum in abu ya dame shi, wurin ciwon kawai yake kallo. Sai ya maimaita abin da ya yi jiya, amma yau da ƙarfi. Ni ranar lafiya nake nema, in ajiye ta kusa da ranar ciwo, in ga inda suka rabu."

A 1978 tambayoyin jarrabawa suka fara fita. Bari in faɗi yadda muke aiki, don a ga dalilin da ya sa ido ya dawo kaina. Malamai su kawo tambayoyi, in kulle ƙofa, in buga a tafireta a kan takarda mai kaki da ake kira sitansil, in ɗora a injin buga kwafi, in juya hannun injin. In ƙirga, in manne ambulan, a sa a kabad na ƙarfe, makulli yana wurin Shugaba. Sitansil kuwa a gabansa ake ƙonawa. Duk da haka, ɗaliban da ba su san inda laburare yake ba suka riƙa cin maki tamanin.

Shugaba ya sa aka canza kwaɗo. Zango na gaba ya ce a ƙara na biyu. Da abin ya sake faruwa ya ce na uku. Malam Yaushe yana ɗaura shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar nan ta taɓa nuna alamar an buɗe ta?"

"Kai dai ɗaura," in ji Shugaba.

Ɗakin malamai ya canza mini. In na shiga, hira ta mutu. Malamin lissafi ya dubi ƙafata wata rana ya ce, "A'a, Akawu, sabon takalmi? Allah ya ƙara wa tafireta albarka." Aka yi dariya irin wadda ba ta kai ciki ba. Ranar wata Litinin Shugaba ya kira ni.

"Ban ce kai ne ba," ya ce, yana kallon teburinsa. "Amma daga hannun malami zuwa kabad, kai kaɗai ne a tsakani. In Juma'a ta yi ba a gano ba, zan rubuta wa hukuma."

Shekara goma sha tara ina aikin, ba a taɓa kama ni da kuskuren waƙafi ba. Na san ban sayar da komai ba, don haka dole wani ne. Ina lissafi sai na tsaya a kan Malam Yaushe. Wa yake zuba wa injin mai kafin kowace jarrabawa? Wa ya ɗaura kwaɗunan nan uku? Har na fara shakkar abin da na gani da idona a baranda. Wa ya sani ko tun farko ya iya karatu, ya juya takardar ne don ya gane wane ne mai taushin zuciya a ofis?

Na gaya wa mai ɗakina. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Baban yara, mutumin da ya gyara mini keken ɗinki ya ƙi shan ko ruwa?"

"Shi ya sa nake tsoronsa. Me yake ci da ba ya jin ƙishi?"

"Allah ya shirye ka," ta ce.

Na haɗa masa tarko. Na rubuta da manyan baƙaƙe, NA SAN KAI NE, na ajiye a kan injin, da ya zo zuba masa mai na zauna ina satar kallon fuskarsa. Ya ɗauki takardar, ya duba gaba, ya duba baya, ya goge man hannunsa da ita. Na rasa gane ko rashin sani ne ko ƙwarewa a makirci. Har takardar da ya ɓata ta ba ni haushi, don bayanta fari ne tas.

Yana tattara kayansa ya ce, "Akawu, yaushe ne ba a sace ba?"

Amsar ba ta yi mini daɗi ba. "Zangon da na kwanta ciwon ƙafa. Hukuma ta aiko wata mata ta buga."

"To."

"To me? Kana nufin ni ne?"

"To kawai na ce. Me kake yi da ita ba ta yi?"

"Aikina nake yi daidai, shi ne bambancin!"

Ya ɗauki akwatinsa ya fita. Ran Laraba na gan shi ya shiga ofishin Shugaba, an tura ƙofa. Da rana na hango shi a ɗakin shan magani, shi da nas sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Na ce shi ke nan, yana haƙa mini rami. Ran Alhamis da safe na buga wasiƙa zuwa ga Shugaba. Na ambaci injin, na ambaci kwaɗuna, na kuma rubuta cewa da yaudara ya sami aikin, sai dai ban faɗi wanda ya cike fom ɗin ba. Na sa ta a aljihun tebur, ina jiran Juma'a.

Ƙarfe biyu da kwata Malam Yaushe ya shigo, ya mayar da ƙofa. Ya jera ƙananan takardu huɗu a gabana. Takardun izini ne da nake ba ɗalibai in za su je shan magani.

"Naka ne?"

"Ga sa hannuna kana gani. Ko ba ka gani?"

Bai kula da baƙar maganar ba. Ya sa yatsa ya kifar da su ɗaya bayan ɗaya, ya matsa wannan, ya juya waccan, har wani baƙin layi da ya ratsa su ya haɗu ya miƙe. Na sunkuya. Jarrabawar labarin ƙasa ce, tambaya ta uku zuwa ta bakwai.

Kwafi biyar ko shida na farko kullum da wannan layin suke fitowa, kafin tawada ta daidaita. Ba na sa su a ambulan, ba na kuma jefarwa. Fadan mishan da ya koya mana rubutu yakan ce takarda fuska biyu gare ta, wanda ya ci ɗaya ya zubar da ɗaya ya yi ɓarna. Tun shekarar da hukuma ta daina aiko mana da bugaggun takardun izini, sai in ɗauki rula da reza in yanka lalatattun gida huɗu, in yi rubutu a bayansu. A wurina shara ce da na ceto. Ban sake kallonsu a matsayin jarrabawa ba ko sau ɗaya.

"Nas ce ta yi mini ƙorafi," ya ce. "Duk makon da ka buga jarrabawa, mutum arba'in ke ciwon kai, amma takarda tara take samu ta soke a ƙusa. Sauran wai sun ɓace a hanya. Ku masu karatu, in kun ga rubutu nan kuke tsayawa. Ni takarda ba ta da gaba ba ta da baya a wurina, duka nake dubawa. Layin nan kuwa na san shi, robar injin ce. Sau nawa na ce a canza ta?"

Na ɗago kai. "Ka nuna wa Shugaba?"

"Jiya ya kira ni, wai me na gano. Na ce famfon bayan gida yana yoyo. Kuma yana yoyon." Ya tura mini takardun. "In ni na kai, an kama ɓarawo ke nan. In kai ka kai, akawu ne ya gano kuskurensa."

Ran Juma'a ƙarfe takwas na kai su. Shugaba ya daɗe riƙe da kai, sannan ya dubi kabad mai kwaɗo uku ya fashe da dariya har da hawaye. An ba ni takardar gargaɗi, ni na buga ta da kaina, babu kuskure ko ɗaya. Wasiƙar aljihun tebur kuwa na ƙone ta tare da sitansil, bayanta fari, ban yanka ba.

Ban taɓa gaya wa Malam Yaushe zancen wasiƙar ba. Mun yi ritaya shekara ɗaya a tsakani, yakan zo gidana mu zauna a baranda. Wata rana, gashinmu duk ya yi fari, na tambaye shi me ya hana shi kai takardun nan da kansa, alhali da an ƙara masa girma, ni kuwa ban sakar masa fuska ba a makon.

Ya ce, "Akawu, ka taɓa juya mini takarda ba ka ce uffan ba. Ni da na tashi juya maka, har surutu na yi."

Ya miƙe yana laluben aljihu, wai mariƙin tagata ya saki.