Keken da Goggo Ta Saya

Yayarmu tela ce. Labule take ɗinkawa da zanen gado da rigunan kujera, a wani ɗan shago da ke tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. In ka leƙa za ka same ta da tef a wuya, allura a baki, ƙafa a kan keken ɗinki, rediyo na ta surutu ba mai sauraronsa. Mu ƙannenta Yaya muke ce mata, 'ya'yanmu kuwa Goggo. Ita ta raine mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, lokacin ina firamare, Autanmu kuma ba a daɗe da yaye shi ba. Daga baya ta auri wani direban motar ma'aikata, mutum mai sanyin hali da barkwanci, wanda yara ke kira Baba Direba. Allah bai ba su haihuwa ba. Ba ta taɓa zama ta yi mana kukan wannan ba, 'ya'yanmu kawai ta tattara ta mai da su nata.

Bikin zagayowar ranar haihuwa 'ya'yanmu ne suka kwaso mana shi daga makaranta. Yau an kai kek ajin su wane, gobe an raba alewa ajin su wance, har muka ga ba makawa. Mukan yi shi daidai ƙarfinmu: ɗan kek, lemo, biskit, balan-balan, yaran makwabta su cika falo su watse kafin rana ta faɗi. Mai zuwa ya riƙo abin da ya sawwaƙa, ko safa, ko littafin zane, ko ƙwallo.

Yaya ce ta ɗauki abin da zafi. Ita ba ta zuwa a ƙafa ranar biki, sai da tasi, don kayan ba su ɗaukuwa a hannu. Ta taɓa kawo wa 'yata 'yar tsana da ta fi yarinyar tsayi. Ta kawo wa ɗan ƙaninmu mota mai batir da jiniya, wadda makwabta suka yi ta addu'ar batirin ya mutu. Ni kuwa in na ajiye fensirina masu launi kusa da nata kayan, sai ka ga kamar an ɗaure kaza a gindin raƙumi.

Mijinta yakan ce, "Tela, yaron nan fa shekara uku ya cika, ba aure zai yi ba."

Ta ce, "In ya tashi auren ma ni zan yi. Kai dai kama min kwalin."

A kanta kuwa ba ta kashe komai. Takalminta ɗaya ta yi ta kai wa mai gyara har ya ce ta ji tausayin takalmin ta bar shi ya huta. Mukan yi ƙorafi a bayan idonta, mu da matan 'yan uwanmu, cewa tana sa mu jin kunya. Amma wa zai dubi wadda ta goya shi ya ce ta rage alheri?

Auta kafinta ne. A shekarar da 'yarsa za ta cika shida injin yankan katako ya ji masa mummunan rauni a hannun dama, ya yi watanni ba aiki, matarsa ce ke riƙe da gidan da ɗan albashinta na koyarwa. Yarinyar, wadda muke kira Aku saboda surutunta, ta ƙwallafa rai a kan keke. Uban ya ce mata, "Ki bari hannuna ya warke. Ni da kaina zan kai ki kanti ki zaɓa." Kafin nan ya tattara guntayen katako, ya zauna a bayan gida yana haɗa mata gidan 'yar tsana da hannun hagu. Ya yi masa ƙofa mai buɗewa, da taga, da gado, da ɗan tebur. Matarsa ta shafa fenti.

Aku ba ta riƙe magana. Ta je shago ta zayyana wa Goggonta zancen keke kaf, har da launin da take so. Baba Direba ya gaya min daga baya cewa sai da ya ja wa Yaya kunne.

"Ki fara tambayar uban yarinya."

"Auta zan tambaya? Wanda na yi wa wanka?"

"Wanda kika yi wa wanka yanzu gemu gare shi."

Ba ta saurare shi ba.

Ranar bikin an hura kyandir, an yanka kek, Auta ya fito da gidan a lulluɓe da zani. Aku ta yaye, ta durƙusa tana buɗe 'yar ƙofar tana rufewa, ƙawayenta sun kewaye ta kowa na son ya taɓa. Auta na tsaye da hannu a naɗe, yana murmushin da na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Ana cikin haka aka ji hon a waje. Sai ga Yaya ta turo keke sabo fil, ja, da kwando a gaba da ƙararrawa.

Yaran suka kwasa a guje. A cikin turereniya wani ya taka gidan, ƙofar ta ɓalle. Na ga wata makwabciya ta mai da ɗan ƙunshin da ta kawo cikin jakarta, sai daga baya ta bi uwar yarinya kicin ta miƙa mata tana ba da haƙuri. Aku ta ɗare keken, ta waiwayo tana dariya.

"Baba, ba sai ka saya ba. Goggo ta sayo."

Auta ya ce, "Na gani." Ya sunkuya ya tsinci 'yar ƙofar ya sa a aljihu, ya ɗora gidan a saman kabad, ya fita.

Bayan baƙi sun watse Yaya ta same shi zaune a kan benci a bayan gida. Ina wajen ina wanke kofuna.

"Wai me aka yi maka kake ta kumbure-kumbure?"

"Ba komai, Yaya. An gode."

"Wannan godiyar ai gara zagi. Faɗi abin da ke ranka."

Ya ce, "Alkawari na yi mata. Shi kaɗai ya rage min da zan iya yi mata a bana, shi ma kin riga ni. Kin raine ni, Yaya, har in mutu ba zan manta ba. Amma ki bar ni in raini tawa."

Yaya ta juya. Ta ɗauki jakarta ta tafi, ko kek ɗin da aka ƙunsa mata ba ta karɓa ba.

Biki na gaba na 'yata ne, Yaya ba ta zo ba. Ta aiko Baba Direba da ɗan ƙunshi, ya ce wai aiki ya yi mata yawa, yana faɗa yana sosa ƙeya. Yarinyar ta ƙi yarda a yanka kek, tana ta leƙen ƙofa, har kyandir ya narke a kai. Washegari na je shagon. Na tarar da ita tana yanka yadi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na ce, "Yaya, yara na ta cigiyarki."

"In zo ina kaɗa hannu?"

"Wa ya ce ki zo hannu biyu? Ki riƙo ɗan abu kamar kowa."

Ta ajiye almakashin. "Ni ba kamar kowa ba ce. Ku kullum kuna da abin yi musu. Ku tashe su, ku yi musu wanka, ku kai su makaranta, ko faɗa kuka yi musu naku ne. Ni rana ɗaya ce tawa a shekara. Ita ma an ce na cika wuri."

Tun ina yarinya ban taɓa jin ta yi magana a kan rashin haihuwarta ba sai ranar, ita ma a kaikaice. Na zauna na taya ta ninke yadi har aka tashi.

Na kai wa Auta maganar yadda ta faɗe ta. Na ga ta shige shi. Lokacin hannun ya fara warkewa, shi ne ma ya koya wa Aku hawan keken, yana bin ta a guje a layi yana riƙe da sirdi. Wata Asabar ya gyara ƙofar gidan 'yar tsanan, ya ɗaure shi a kwandon keke, suka nufi shago, ita a kan keke shi a ƙafa.

Aku ta yi ta buga ƙararrawa har Yaya ta leƙo.

"Goggo, gidana ba labule. Baba ya ce ke ce mai yi."

Yaya ta dubi gidan, ta dubi Auta da ke tsaye a bakin ƙofa kamar wanda ya zo neman aiki. Ta ciro tef daga wuya ta auna 'yar tagar da gaske, kamar ta gidan wani attajiri.

"Wa ya yi wannan tagar a karkace?"

Auta ya ce, "Hagu ce ta yi."

"To hagun ta yi ƙoƙari. Shigo ka zauna, ka tare min haske."

Ta zazzage buhun ƙyallaye, Aku ta zaɓi mai furanni. Aka ɗinka labule, aka ɗinka zanen gado, har da matashi kamar kan yatsa. Ta aika aka sayo musu lemo. Ba wanda ya ba wani haƙuri a cikinsu, kuma ba wanda ya sake tada zancen.

Tun daga nan Aku ke yin Asabar a shago, sauran yaran ma suka bi sahu, har mai gyaran waya ya fara ƙorafin hayaniya. In biki ya matso kuwa, Yaya takan kira iyayen yaro tukuna ta ji me suka tanada, ita kuma me za ta kawo. Ba wai ta shiryu gaba ɗaya ba ne. Ciniki ake yi da ita kamar a kasuwa: ka ce littafi, ta ce littafi da jaka, a daidaita a kan jaka, ranar biki ka buɗe jakar ka tarar da littafin a ciki.

Bana yaran suka tambaye ta ranar haihuwarta, ta ce ba wanda ya rubuta. Suka zaɓa mata wata Asabar da kansu, suka same ta a shago da ɗan kek. Wannan ya kawo zanen da ya yi, waccan ta kawo abin ɗaure gashi, ƙaramin cikinsu ya miƙa biskit da ya riga ya gutsura. Yaya ta rasa inda za ta sa kanta, sai faɗa take wai an ɓata kuɗi a banza.

Baba Direba ya ce, "Tela, an gode ake cewa."

Ta harare shi, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce an gode. Sannan ta ce kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa mata yadin mutane.