Ɗinkin da Na Farke

Jiya a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wani Bature ya zauna kusa da ni, gemunsa duk furfura. Baƙar riga ce a jikinsa, ya ɗora falmaran ta jins da aka cika da faci. Warin ne ya fara iso ni, warin tsohon yadi da gumi da ruwan sama da ya bushe a jiki. Na san warin nan. Na jawo ɗana jikina, shi kuwa sai leƙen hotunan da ke jikin facin yake yi.

Ina da shekara tara aka kawo mu daga Maraɗi, muka sauka a unguwar Minguettes a ƙasar Turawa, cikin wani dogon bene, hawa na goma sha ɗaya. Karatun lakwal, wato boko, bai taɓa zama a kaina ba, amma allura na iya ta, Inna ta koya mini tun muna gida.

Yayana ya girme ni da shekara shida. Shi ne ya faɗa wa kiɗan nan da suke kira metal, mai kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Kada ku ɗauka shigar masu jinsa ta ranar wasa ce, kullum haka suke. Baƙar riga mai hoton ƙoƙon kai, ko rubutu mai ƙaya-ƙaya da ba ya karantuwa, baƙin wando, da manyan takalma irin na soja, ko ana zafi ko ana ƙanƙara. Abokansa Turawa suna sakin gashi har gadon baya. Shi nasa sama ya yi, sai ya riƙa cusa shi cikin hula. A gida baibai yake sa rigar, da ita a haka yake sallah, kuma ban taɓa ganin ya bar sallah ba. Sai ya sauka ƙasan bene yake juya ta daidai.

Falmaran ɗin ce ransa. Da almakashin Inna ya yanke hannuwan wata tsohuwar rigar jins, facin kuma ni ke ɗinka masa, ranar Laraba da rana in babu kowa a gida. Kowane da labarinsa. Wannan a Paris ya samo shi, wancan wani aboki ne ya ciro daga tasa ya ba shi. Yakan ce, "Ki matse ɗinkin, 'yar ƙanwata, wurin da muke zuwa ture juna ake yi." Ba a wanke ta, wai haka dokarsu take. A ɗakin ajiya na ƙasa take kwana. Ladana burodi mai cakulan, da kuma yadda yake nuna wa abokansa yana cewa ƙanwarsa ce ta yi.

Hajiyar hawa na bakwai ce ta gan shi a tashar jirgin tiram. Ta hawo takanas, aka gaisa, aka tambayi gida da mutanen Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, har ta sha shayi. Sannan ta ce wa Baba, "Malam, ban so in faɗi ba. Yaron nan na gani da ƙasusuwan matattu a bayanshi. Mutane fa sun fara magana."

Baba lodin kaya yake yi a sito, amma in liman bai zo ba shi ake turawa gaba. Wannan girman kaɗai ƙasar nan ta bar masa. Shi ma in ya sa kaftani ranar Juma'a kallonsa ake yi a metro kamar ya ɗauko abin wani. Na ɗauka wanda ya sha irin kallon nan zai gane. Bai gane ba.

Ya sauka ya ɗauko falmaran ɗin, ya shimfiɗa a tebur, ya daɗe yana bin ɗinkin da yatsa.

"Uwata, aikin wa ne wannan?"

Na ce ban sani ba. Bai yi faɗa ba. Reza ya miƙo mini. "Ki farke. Kin fi kowa sanin inda zaren ya bi."

Ba wanda ya riƙe mini hannu. Daga azahar zuwa la'asar na cire su duka, Inna ta jefa rigar cikin mashin ɗin wanki. Da ta bushe, ko'ina ya koɗe sai gurbin facin, shuɗi shar, kamar bangon da aka sauke wa hotuna.

Yaya ya dawo ya tsaya a kanta. Bai dubi Baba ba, ni ya duba.

"Ke kika yi?"

"Baba ne ya ce."

Ya ɗaga ta wajen taga. "Ko yaga ɗaya babu. Kin iya aiki."

Nan tsakar falo ya tuɓe baƙar rigarsa, ya juya ta daidai, ƙoƙon kan na kallon kowa, ya ɗora falmaran ɗin a kai. Bayan sati guda ya tafi Paris. Baba har ya rasu yana cewa shi bai kori kowa ba, kuma gaskiyarsa ne. Yaya yakan kira ni ranar Sallah, gaisuwa biyu ya ce aiki na jiransa. Bai zo sunan ɗana ba.

Yanzu irin rigunan nan a manyan kantuna ake rataye su. Jikar Hajiya ma na gan ta da ɗaya, ƙoƙon kai da fure a baki, ta yafa gyale a kai, ba wanda ya hau bene ya kai ƙara. Facin suna nan cikin gwangwanin biskit tare da maɓallai, guntayen zarena na jikinsu. Na kasa zubarwa, na kasa aika masa.

Da Baturen ya tashi zai sauka, ɗana ya ja mini mayafi. Shekararsa biyar. Ya ce, "Mama, in na girma za ki ɗinka mini irin tashi?"

Na ce ya rufe mini baki, mutane na kallonmu. Sai da maganar ta fita na gane da muryar su Hajiya na yi ta. Ya sunkuyar da kai, har muka sauka bai sake tambayata komai ba.