Murafun da Na Tara a Gwangwani

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru na gama sakandare a Yelwa ke nan, na koma wurin Inna a ƙauyenmu na bakin gulbi cikin ƙasar Ngaski ina jiran sakamako. Ni mutum ne mai kunya tun ina ƙarami, na fi sakewa da littafi fiye da mutane. Akwai kuma abin da ba na so a taɓo mini: duk da cewa jinin masunta ne ni, ban iya iyo ba, don a gari na tashi hannun kawuna.

Na tarar samarin ƙauye sun farfaɗo da gayya ta wata sabuwar hanya. Sun tara murafun kwalba, suka shafa musu shuɗin fentin da ya rage daga gyaran jirgi. Duk wanda ya yi wa wani aiki daga safe zuwa azahar, wanda aka yi wa aikin zai ba shi murfi ɗaya, ko ɗinkin taru ne, ko noma, ko juya kifi a banda. Shi ma mai aikin, ranar da yake neman hannu, sai ya biya da murfin. Ba a saye, ba a sayarwa, ba a kyauta, saboda sun ce masu cin tuwon gayya su ɓace ne suka kashe ta farko. Kowane gida an ba shi 'yan kaɗan na farawa, ba a kuma ƙara wasu.

Abin ya yi mini daɗi, don na sami hanyar shiga mutane ba tare da yawan magana ba. Na riƙa koya wa yara karatu a ƙarƙashin mangwaro, iyayensu na biyana da murfi. Ina wanke kowanne, in jera su a gwangwanin madara. Amma ban taɓa fitar da ko ɗaya ba. Neman taimako nauyi yake mini, har ina ganin rashin nemansa wata nagarta ce. Inna ta taɓa ce mini ruwan da ba ya gudu shi ke wari, na yi murmushi na ci gaba da karatuna. Ban lura ba cewa duk murfin da ya shiga gwangwanina ya fita daga hannun ƙauye ke nan.

Muna da maƙwabci, tsohon masunci da muke kira Baba. Idanunsa sun yi rauni, 'ya'yansa sun tafi kamun kifi can nesa, abin da ya rage masa shi ne 'yar gonar shinkafa a fadama. Abokin wasana ne kamar kaka, ba ya kirana sai da angon littafi. Da damina ta ja baya, shinkafa ta fara nuna, sai ya zo ya zauna kusa da ni bayan yara sun watse. Cikin raha ya ce wai ya ji labarin ni ne Basarke, jinin masunta, na farko da zai nutse a kwanon sha, don haka in riƙa zuwa da safe ya koya mini iyo, in biya shi da 'yan murafun nan da nake kiwo kamar awaki. Kunya ta rufe ni, na hango yaran da nake koyarwa suna dariyar malaminsu yana shan ruwa. Na ce masa na gode, karatu ya yi mini yawa. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce dangar Inna ta kwanta, bari ya tayar mana. Ina ganin ladabi nake yi, na ce haba, ina ni ina sa tsoho aiki, ni zan gyara. Ya yi dariya ya ce to Allah ya yi albarka, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Shekarar nan ruwa ya ciko da wuri. Kowa ya ruga fadama da lauje, masu murfi suka ɗebi samari, aka yi ta yanka ana jidowa tudu. Baba bai nemi hannun kowa ba. Shi kaɗai yake fita yana lalube yana yanka, ruwa na hawa daga idon sawu zuwa gwiwa. Kafin samari su gama da inda aka kira su, su waiwayo, gulbi ya shanye fiye da rabin gonarsa. Inna ce ta zaunar da ni ta warware mini abin da ban gane ba. Ta ce murafunsa sun ƙare tun wajen shuka, kuma mutum irin Baba da ya ciyar da rabin ƙauyen nan da kifi ba zai buɗe baki ya yi roƙo ba. Sau biyu ya zo ƙofata yana neman aiki da mutuncinsa, sau biyu na sallame shi da ladabi.

Na ɗauki gwangwanin na tafi gidansa. Na same shi yana shanya 'yar shinkafar da ya tsira da ita. Na ajiye gwangwanin a gabansa, na ce cikin hawaye ya riƙe su duka. Ya girgiza shi ya ji nauyinsa, ya tura mini abina, ya ce doka ta hana kyauta, shi kuma bai tsufa da bin doka ba. Sai ya ce in angon littafi ya shirya shan ruwa, gulbi na nan inda yake. Washegari na je. Yara sun yi dariya har da faɗuwa, na sha ruwa na ƙoshi, Baba na tsaye cikin ruwa har ƙugu yana riƙe da haɓata yana cewa in daina dukan gulbi, bai yi mini laifi ba. Kullum azahar in ba shi murfinsa. Da murafun nan ya sami samarin da suka yi masa noman rani, amma shinkafar da ta tafi ta tafi, kuma na san irin ƙuncin da gidansa ya sha kafin sabuwa ta zo.

Yanzu ina karatu a birni, na kuma iya iyo, amma ban taɓa shiga ruwa ban tuna da gonar nan ba. Na ɗauka hannun da ke bayarwa kaɗai ke taimako, ashe wanda ya ƙi karɓa yana toshe wa wani ƙofa. Ina jan hankalin masu hali irin nawa, musamman inda ake irin wannan musayar aiki: kada kunya ta sa ku tara alheri a gwangwani. In dattijo ya zo da wasa yana cewa bari ya yi muku wani abu, ku saurara da kyau kafin ku ce kun gode. Wataƙila roƙon ke nan, ba shi da wani bayansa.