Jatan landen da na aika wa Hajiya

"Maman Sani, fito! Hajiya ta kasa numfashi!"

Ihun surukarta ke nan. A unguwar Derrière la Prison muke, zamanin da kuɗin fetur ke yawo a Gabon. Maigidana direban wani Ba'amurke ne, Ba'amurken ya ba shi jatan lande da yajin garinsu da ake kira Kajun. Na soya da tafarnuwa, na aika wa maƙwabciyata Hajiya 'yar Maraɗi nata kwanon.

Na tarar leɓenta ya kumbura, idanunta sun rufe. Muka garzaya da ita asibiti, ashe jikinta ba ya karɓar jatan lande.

Da ta farfaɗo ta riƙo hannuna. "Ɗiyata, bar kuka. Ni na zaci fara ce, na cinye."

Har yau in zan miƙa kwano sai na tambaya ko akwai abin da mutum ba ya ci. Ku kukan tambaya kafin ku aika?