Tafin Hannun Ba-Komai

Shekara ashirin da shida ya yi yana yankan gilashin tagogi a wani shago mai ƙofa ɗaya, kuma a tsawon lokacin nan ba a taɓa jin ya ce wa kowa a'a ba. Shi ya sa ake kiransa Ba-Komai. Ƙanensa, mai walda a shagon da ke jikin nasa, akasinsa ne: in ransa ya ɓaci, sai ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta miƙe, sa'an nan ya sha ruwa ya manta.

Shi kuwa Ba-Komai, abin da bakinsa ya haɗiye, tafin hannunsa ke fitarwa. Da zarar an matsa masa, sai gumi ya tsattsafo, abin yanka ya riƙa yi masa santsi. Sau biyu gilashi yana kuɓuce masa. A na biyun sai da aka yi masa ɗinki bakwai. Likita ya gargaɗe shi cewa in aka kuma, yatsun nan ba za su ƙara riƙe komai ba.

Wata safiya wani ɗan kwangila ya faɗo shagon, ko sallama babu.

"Tagogi arba'in nake so kafin gobe da yamma," in ji shi.

Nan take Ba-Komai ya ji laima a hannu. Ƙanensa ya leƙo ta ƙofa.

"Yaya, hannunka ya riga ya amsa, bakin ne ya makara. Ko in ara maka nawa?"

"Naka ai duk gilashin nan zai farfasa," in ji Ba-Komai.

Ya dubi tabon ɗinkin, ya goge hannu a riga, ya juya ga ɗan kwangilar. Ya ce:

"Ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba. Kwana huɗu, ko ka nemi wani."

Ɗan kwangila ya yi tsaki, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. Ya san ba wanda ke yanka kamar wannan bawan Allah.

"To, huɗun," ya ce.

Da ya tafi, Ba-Komai ya shimfiɗa gilashin farko a tebur, ya aza ma'auni, ya ja layi sau ɗaya tak, ya ɗan ƙwanƙwasa. Gilashi ya rabu sumul. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna wa ƙanensa: a bushe suke ƙayau.

"Kai, Yaya!" in ji ƙanen. "Yanzu kuma wane suna za mu sa maka?"

Ran kwana na huɗu aka ɗauki tagogi arba'in, ko ɗaya bai tsage ba.